Jan Waken Kawu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawu, yayan Innata, wanda duk Zango ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, saboda shekarun da ya kwashe yana koyar da 'yan ajin farko a lekol, wato makarantar boko, ya riga mu gidan gaskiya. Ya tsufa, ya yi 'yar jinya, ya cika da hantsi kansa a cinyar matarsa. Mutuwar ba ita ta sa na zauna rubutun nan ba. Abin da kunnena ya jiye mini a zaman makoki ne.

Jama'a kam an yi. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga unguwannin Bè-Kpota da Cacavéli, wasu da kwat da takalmi mai ƙyalli, suna gaisuwa rabi da Hausa rabi da Faransanci. Wani ƙato mai furfura, direban babbar mota, ya tsuguna a ƙofar ɗaki yana kuka wiwi, yana cewa da ba don Mushe ba da har yau da babban yatsa yake sa hannu a takarda. Abokan sana'ata na kasuwar Hédzranawoé sun rufe rumfunansu sun rako ni. Amma tsofaffin unguwa, waɗanda suka ga shekarun da zan ba da labari, tasu gaisuwar daban ce. "Allah Ya jiƙan Mushe," sai a ɗan yi shiru, a gyara mayafi, "Allah dai Shi ne masanin abin da ke ɓoye." Ni ba yarinya ba ce. Na san addu'a, na kuma san habaicin da aka sa wa rigar addu'a. Wata ma cewa ta yi, idonta a ƙasa, "To, kowa dai da abin da ya shuka." A cikin gidan mutum, tabarmar da aka ɗauke shi a kai ko naɗewa ba a yi ba! Da Inna ba ta danne mini gwiwa ba, da ranar an jiyo ni har bakin titi.

Mutum ɗaya ce ba ta shigo ba: Iya maƙwabciyarmu, matar marigayi tela. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata, amma tun ina ajin farko ba ta ƙara amsa gaisuwar Kawu ba. Abin da Zango ke raɗawa, ita ta fara faɗarsa a fili: wai Kawu kunnen gwamnati ne, shi ya sa aka kama mijinta, kuma da mu yaran gidansa ya yi aikin. Liman ya roƙi duk wanda ke riƙe da mamaci a zuciya ya yafe masa, kowa kuma ya san da wa yake. Ni ba yafiya nake nema wa Kawu ba, don ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba. So nake Iya ta buɗe baki a gaban mutane ta wanke shi tun tana da sauran numfashi. In ta bi shi da maganar nan a cikinta, shi ke nan, sunan ya zauna masa har jikoki.

Ga wanda bai san shi ba, dogo ne siriri, kuma ba rigarsa da babu guntun alli a aljihunta, har ta Sallah. Bai iya wuce rubutu ba. Gwangwanin tumatir, kwalin sabulu, bayan motar haya, duk inda ya ga harafi sai ya tare yaron da ke kusa ya ce, "Karanta mini." In yaron ya noƙe sai ya ce, "Matso, harafi ba ya cizo." Akwai bulala rataye a ajinsa, ƙura ce ta cinye ta. Ba zan ce ba shi da aibi ba. Kawu yana da rowar magana da taurin kai na fitar hankali. Ka tambaye shi ina za shi, ya ce maka, "Nan gaba." Ka tambaye shi lafiyar gida, ya dube ka tukuna kamar yana neman wanda ya aiko ka. Irin wannan hali ba ya sa a so mutum, balle ɗan Zango mai cin albashin gwamnati.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne. Hoton mutumin nan mai mulkin ƙasa yana rataye a kowane shago, amma sunansa ba ya fitowa daga bakin babba sai da yabo a gaba da yabo a baya. Akan kwashe mu daga aji a kai mu cikin rana mu yi animasiyo, wato rawa da waƙar yabon jam'iyya, Kawu yana gabanmu yana tafi, leɓɓansa da ƙyar suke motsi. Sannan ba a daɗe sosai da tashinmu daga tsohon Zango aka watso mu bayan gari ba. Manya ba su manta yadda abin ya fara ba: mutane ne masu fara'a suka zo da tambayoyi da igiyar awo, bayansu sai ga katafila. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ana haka wata Madam daga jami'a ta zo lekol ɗinmu, 'yar ƙabilar Mina ce, gajeriya mai gilashi, tare da wani yovo, wato bature, da ya ja waya ya haɗa kaya ya tafi abinsa. Abin da suka kawo ordinater ne, wanda yanzu kowa ke kira kwamfuta: akwati kamar talabijin, da madannai, da wani alƙalami mai igiya da ake taɓa gilashin da shi. Bincike take yi, tana son ta gane ko yaron da ya koyi karatu da injin zai riga wanda ya koya da allo da alli kawai. Aka tara iyaye a gindin bishiya, tana bayani da Faransanci, Kawu yana juya musu da Hausa. Tun daga nan aka fara kallonsa a matsayin bakin injin.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma injin nan da kaset yake tashi, kaset irin na rikoda da kowa ya sani. Sai an sa shi ya yi ta ƙara kamar gyare kafin haruffa su fito. Kuma duk ƙarshen mako Madam takan zuba aikin yara a wani kaset ɗin ta sa a jaka ta tafi da shi cikin gari. Wa zai gaya wa mutumin Zango cewa kaset ba murya yake ɗauka ba? Daɗin daɗawa, cikin aikin akwai inda yaro zai rubuta jimla a kan abin da ke faruwa a gidansu.

Injin ɗaya ne, ba zai ɗauki aji duka ba, saboda haka Madam ta ce ƙuri'a za a yi, don kada a ce an zaɓi masu ƙoƙari. Za a zuba wake fari da ja a hula, wanda ya ɗebo ja shi ne na injin. Ta bar wa Kawu shirya waken. Kafin ranar, iyaye suka riƙa zuwa zaurenmu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana waige, kowa da roƙo ɗaya. Inna tana bayan labule tana tsintar shinkafa lokacin da tela ya shigo bayan la'asar, ita ta ba ni labarin da na girma. Tela mutum ne mai barkwanci, shagonsa majalisa ce, kuma in ya fara zancen ƙasa birki ba ya kama shi. Ya ce, "Mushe, ka san bakina, kuma baki shi ke yanka wuya. 'Yar nan tawa aku ce, duk abin da na faɗa a shago tana haddacewa. Don girman Allah kada ka bari ta zauna gaban abin nan." Kawu ya ce, "Na ji."

Gidanmu babban gida ne, 'ya'yan yayye da na ƙanne da jikoki, yara kamar kaji, kuma da yawanmu muna ajin. Da safiyar ƙuri'a Kawu ya tara mu a bayan ɗakin girki ya danƙa wa kowa jan wake ɗaya a tafin hannu. "Ku dunƙule. In an zo kanku ku sa hannu a hula ku fito da shi. Wanda ya yar, ni da shi ne." Har yau ina jin yadda waken nan ya jiƙe da gumi a hannuna. A cikin hular kuwa babu ja ko ɗaya. 'Yar tela, ƙawata da muke cin tuwo a kwano ɗaya, ta ɗebo fari ta yi ta kuka don tana son ta taɓa alƙalamin nan mai igiya. Madam ba ta lura da komai ba, don a lekol da sunan uba ake kiran yaro, mu kuwa kowa da ubansa.

Lissafin Kawu mai sauƙi ne. Shi ma bai yarda da injin ba. In kunne ne, to gidansa zai saurara, gidan da yake da ikon ɗaure wa baki. Ya kafa mana doka: duk abin da injin ya tambaye mu game da gida, amsa ɗaya ce, akuya. "Akuya ta ci, akuya ta sha, akuya ta tsinke igiya. Akuya ba ta da jam'iyya." Haka muka yi ta rubuta tarihin wata jar akuyar matar Kawu mai karyayyen ƙaho. Ban taɓa jin dabbar da aka yi wa rubutu kamar ta ba.

Gaskiya ɗaya ce, ni na so injin nan. In ka haɗa to da ma da te suka ba ka tomate, wato tumatir, sai ya yi wani ɗan kiɗa, in ka kuskure kuma ba ya gajiya ba ya tsaki. Na iya karatu da wuri, Kawu kuma ya gani, kuma abin ya dame shi. Wata rana lokacin hutun tara na koma aji ɗaukar gorar ruwata na same shi tsaye gaban injin, hannayensa a baya kamar mai gudun kada su taɓa wuta. Bai juyo ba ya ce, "Da na san cikinsa, da na so shi."

Sai aka kama tela. Da rana tsaka wata mota marar lamba ta tsaya a ƙofar shagonsa, aka fita da shi igiyar awonsa tana wuya. Kafin magariba Zango ya gama haɗa lissafinsa. Su wa suka ɗebi jan wake? Yaran gidan Mushe, kaf. Wa ke jin duk abin da ake faɗa a gidan tela? Masu katanga ɗaya da shi. Ina kaset ke zuwa duk mako? Aka sa mana suna 'yan kaset. In mun doso famfo sai mata su yi tsit. Iya ta zo ƙofar gidanmu ba mayafi, ta kira Kawu munafuki, ta ce ya sayar da maƙwabcinsa, Allah Ya isa tsakaninta da shi. Kawu yana tsaye da butarsa a hannu har ta gama, bai ce komai ba.

Na daɗe ina jin haushin shirun nan. Da na yi hankali Inna ta ce da ni, "Me kike so ya ce? Ya ce tela ya zo ya roƙe shi saboda yana zagin gwamnati a shago, alhali mutum yana hannunsu? Ko ya ce rabin iyayen unguwa sun zo neman a ɓoye 'ya'yansu daga aikin da hukuma ta sa wa hannu?" Kowace kalma da za ta wanke shi, wuyan wani za ta hau.

Akuyar ce ta tona asiri wurin Madam. Ta zauna da kaset-kaset ɗinta ta ga yara daban-daban, uba daban-daban, amma akuya ɗaya, ƙaho ɗaya a karye. Ta zo ana cikin darasi, ta fitar da 'yan aji, mu na injin ta ce mu tsaya. Ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya a wane gida muke kwana. Sannan ta juya kan Kawu. Ta ce ya kashe mata aikin shekara guda, yanzu ba ta da abin gwadawa, ba za ta taɓa sanin injin ne ya koyar da mu ko kwana gida ɗaya da malami ba. Ta ce ita ma 'yar talaka ce, don irin yaran nan take wahala, kuma ta rantse babu kunne a cikin injin.

Kawu ya ce, "Madam, ke na yarda da ke. Kaset ɗin in ya bar jakarki, hannun wa yake shiga?"

Ta ce ofishinsu.

"Mabuɗin ofishin guda nawa ne?"

Na ga ta waiga ta dubi taga, irin waigen da iyayenmu ke yi. Da ta sake magana a hankali ta yi ta, har ba mu ji ba. Da ta kai ƙararsa da aikinsa ya tafi, wataƙila har da abin da ya fi aiki. Ba ta kai ba. Bayan 'yan kwanaki aka zo aka kwashe injin, ba mu ƙara ganinta ba. Allah Ya saka wa matar nan, ita ma an cuce ta, kuma Kawu bai taɓa musun haka ba.

Iya ta cire 'yarta daga lekol, ta hana ta ko kallon ƙofarmu. A makon nan Kawu ya tashi darasin yamma da yake mana a zaure ya mayar da shi gindin katangar da ta raba mu da gidan tela, wurin da ba inuwa sai warin kwata. Mutumin da ba a jin muryarsa daga nan zuwa can ya koma yana ɗaga murya kamar mai tallar kifi, kowane harafi sai ya maimaita shi, ya faɗi yadda ake zana shi, a fara daga ina a ƙare a ina. Mu muna tsammanin tsufa ne ya fara taɓa masa kunne. Shekaru ya yi yana haka. 'Yar tela yau ungozoma ce a asibiti, kuma ba ta ƙara taka aji ba sai da ta riga ta iya karatu.

Tela ya dawo bayan an fid da rai, ya rame, haƙoransa sun zube. Bai ƙara buɗe shago ba, bai ƙara barkwanci ba, bai gaya wa kowa abin da aka tambaye shi ba har ya rasu. Duk Layya Kawu yakan aika wa Iya cinya, duk Layya cinyar takan dawo. Da zamani ya sassauta, kowa ya fara faɗar abin da ke bakinsa, na tsare shi na ce, "Kawu, yanzu fa me ya rage? Ka tara mutane ka faɗi zancen waken nan mana!" Ya ce, "Ki bar Iya." Na ce ni ma fa sunana ne, har gobe akwai masu yin shiru in na shigo. Ya dube ni ya ce, "Ke kina da ƙafar tafiya Hédzranawoé. Ita nan za ta kwana." Na fita ina ƙunƙuni, ban gane ba.

Ranar sadakar bakwai na ɗauki kwanon waina na zaga na shiga gidan Iya. Rabona da tsakar gidan nan tun ina 'yar aji ɗaya. Tana zaune a ƙofar ɗaki, ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi fari-fari. Na gaishe ta, ta amsa. Ban tsaya kwana-kwana ba, na zazzage mata komai: zuwan mijinta zaure, jan wake, akuya, darasin gindin katanga. Ina magana ina huci.

Ta bar ni na gama sannan ta ce, "Na sani."

Na ce, "Iya, me kika sani?"

"Ni na tura shi wurin Mushe ya yi roƙon. Tabarmar da yarinyar ke zama a kai a gindin katanga kuma, wa kike tsammani yake shimfiɗa mata?"

Na ce, "To don me, Iya? Don me kika bar bawan Allah ya shiga kabari da wannan?"

Ta ce, "'Yata, su wa ke zama a shagon nan kullum? Ƙanena. Mijin yayata. Mai gidan da muke ciki. Wanda ke jan mu salla in liman ba ya nan. Da ɗan gari akan ci gari. In ba Mushe ba ne, to ɗayansu ne. Kuma duk zaman da mijina ya yi a tsare, a hannunsu na ci, a hannunsu 'ya'yana suka ci. In na fara duban fuskokinsu, ruwan wa zan sha? Mushe kaɗai ne zan iya daina gaisarwa in ci gaba da rayuwa a unguwar nan."

Na ce, "Shi ya san haka?"

"Ranar da na zage shi a ƙofa ya dube ni, na dube shi. Ya sani."

Da ina da hankalin Kawu da na ɗauki kwanona na fito. Amma ni ce. Na ce, "Iya, ya ɗaukar miki har ya mutu. Yanzu ki sauke masa." Can ta ce in miƙo mata mayafinta.

Na riƙe hannunta muka zaga ta waje. Maza suna zaune a tabarmi a ƙofar gidanmu an gama addu'a, tsofaffin suna sahun gaba, ƙanenta yana cikinsu, mijin yayarta yana cikinsu. Ta tsaya, ta ɗaga muryar da ban san tana da sauranta ba. "Salamu alaikum. Ku shaida, ba Mushe ba ne. Ban taɓa zaton shi ne ba, ko rana ɗaya."

Na zaci za a yi kabbara, ko wani ya ce alhamdu lillahi. Kowane tsoho ya sunkuya yana jan carbinsa, ba mai duban na kusa da shi. Liman ne ya yi ta maza ya ce a yi wa mamaci Fatiha.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa kowane harafi da ya sa a bakin yaro ya tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Abin da na nema na samu, sunansa ya fita, yanzu in an ce Allah Ya jiƙan Mushe ba a ƙara komai a baya. Washegari da safe zan tafi kasuwa na ci karo da ƙanen Iya a bakin masallaci, tsohon da ya sha saya mini alewa ina yarinya. Ya ce, "Ina kwana, 'yata, ya ƙarin haƙuri?" Sai da na gama duban fuskarsa sannan na amsa.